Wancan da Inna Ta Ce Ba Nata Ba Ne

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da fara koyarwa a wata Islamiyya a Batsari ba, mahaifiyata tana zaune a gidanmu na Wagini, ita da awakinta da wani jan kare da ta dage ba nata ba ne. Asalinsa na wani maƙwabcinmu ne Bafulatani. Da zama ya fara wuya a yankin, ya kwashe iyalinsa da shanunsa ya yi kudu. Karen kuwa, ko mantawa aka yi da shi ko shi ya ƙi bi, sai ganinsa aka yi kwance a bakin turken awakinmu. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma ce ta karɓe shi ba. Kullum dai da safe za ka ga ƙanzon tuwo a wani fasasshen kasko can nesa da madafa, in ka tambaya ta ce zubarwa ta yi, ba ta san wanda ya ci ba.

Ko suna ba ta sa masa ba, "wancan" take ce masa. Taɓa shi kuwa, a cewarta, Allah ya sawwaƙe. Amma in baƙuwar ƙafa ta doso unguwar shi ke fara sanarwa, kuma duk wanda ya zauna ƙauyukanmu a waɗannan shekarun ya san darajar wannan haushin. Ni kaina barcin da nake samu a Batsari, rabinsa don na san wancan yana ƙofar gida ne.

Sai ƙazuwa ta kama shi. Ta fara daga gefen kunnuwa da gwiwar ƙafafun gaba, ta gangaro ciki. Gashi yana zuba, fata tana yin ɓawo, shi kuma ba shi da aiki sai susa da goga jiki a bangon rumbu har jini ya fito. Na gani a zuwana biyu, na ce Allah ya ba shi lafiya, na hau babur na koma. Iyakar gudunmawata ke nan a lokacin.

Wata Alhamis da hantsi, na dawo daga wani suna cikin farar shaddata, sai ga kiran mahaifiyata. Ba ta cika kirana ba. Ni ne ɗanta na fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma hirarmu ba ta wuce gaisuwa. Bayan na gaishe ta sai ta ce, "Kai, in kana da sarari ka leƙo. Wancan ba shi da lafiya." Ta kashe wayar. Ko kaya ban sake ba na kama hanya.

Da na shiga gida ban gane shi ba. Jan kare ya koma baƙi ƙirin, yana ƙyalli kamar sabuwar taya. Yana kwance a ƙarƙashin rumbu, miyau na dalala, jiki na rawa, ga amai a gefe. A tsakar gida kuma ga kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai injin niƙa a bakin kasuwa. Mutumin kirki ne, sai dai babu cutar da ba shi da maganinta, kuma duk magungunansa daga ɗakin injin suke fitowa.

"Yauwa, Malam, gara da ka zo," in ji shi. "Jiya na shafe shi da baƙin mai tun daga kunne har wutsiya. Ƙazuwa ba ta shiri da baƙin mai. Wannan rawar jikin da kake gani, maganin ne shina aiki. Yanzu saura in ƙarasa mashi da wannan, amma Yaya ta tare hanya."

Ya ɗaga wata kwalba. Maganin feshin wake ne.

Sai a lokacin na lura da inda mahaifiyata take zaune. Ta shimfiɗa tabarma daidai mashigar rumbun, ta baza wake a faifai tana tsinta, yadda babu mai isa wurin karen sai ya tsallake ta. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ni ban tare ma kowa hanya ba. Inuwa nake sha."

Gaskiya ni ma na taso ina jin ana cewa baƙin mai yana kashe ƙazuwa, ban kuma taɓa tambayar karnuka nawa ya haɗa da su ba. Amma ganin yadda dabbar nan ke numfashi ya tsorata ni. Na kira wani abokina likitan dabbobi da muke salla masallaci ɗaya a Batsari. Tun kafin in gama bayani ya katse ni.

"Kwalbar nan a nesanta ta da shi. In ta taɓa fatar da ta riga ta tsage, ba za ka iso da shi da rai ba. Baƙin man ma guba ne, yana lasa yana haɗiyewa, fatar ma tana sha. Kada ku ce za ku wanke da kananzir ko fetur, kada kuma ku ɗura masa wani abu don ya yi amai. Ka sa leda a hannu, ka ɗaure masa baki da tsumma sako-sako, ka murza masa man gyaɗa ya narkar da baƙin, sannan sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi. Ka tsane shi, ka kawo min shi yanzu."

Na maimaita musu. Kawu ya ce likitocin zamani sun cika tsoro. Mahaifiyata ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da man gyaɗarta mai kyau, wanda ko maƙwabta suka aiko a ɗan sam musu sai ta ce ya ƙare. Ta ɗora ruwa a wuta.

Haka na naɗe hannun farar shadda na durƙusa. Ina murzawa, tana zuba ruwa da buta daga nesa, ta miƙa hannu iya tsawonsa, ta kau da kai gefe. Kawu yana tsaye yana tafa hannu. "Malam guda da wankan kare. Ashe da sauran abin gani a duniya." Ni da nake tsayawa gaban aji ina karantar da jin ƙan dabbobi, ranar na gane faɗa ya fi durƙusawa sauƙi. Sai da muka sake ruwa sau da yawa kafin jan ya fara leƙowa. Shaddar kuwa daga ranar ta yi ritaya.

Na shimfiɗa buhu a cikin babban bahon roba, na kwantar da shi, na ɗaure bahon a bayan babur. Daga Wagini zuwa Batsari babu wanda bai gan ni ba. Duk mutanen da nake nema in gaisa da su a wasu ranaku ban same su ba, ranar suna bakin hanya. A shigar gari wani dattijo da jikokinsa ke ajina ya ɗaga min hannu, ya leƙa bahon, ya ga kai ya fito da tsumma a baki, ya ce, "Allah gafarta Malam, sabon ɗalibi aka samu?" Na ce eh, Baba, rajista za mu je.

A wurin abokina abin ya ƙara gaba. Ya ce ba a yi wa dabba magani da ka, sai an san nauyinta, sikelinsa kuma na tsayuwar mutum ne. Dole na rungumi karen na hau, sannan na ajiye shi na sake hawa ni kaɗai. A rana ɗaya na san nauyin kare, na kuma san tuwon gidana ba banza yake tafiya ba.

Gubar ya fara bi. Ya sa masa ƙarin ruwa, ya ce allurar ƙazuwa sai ya farfaɗo. Ya ɗan kankaro fatar kunnen ya sa a na'ura ya ce in leƙa. Na ga wasu 'yan ƙwari masu gajerun ƙafafu suna motsi. Ya ce su ne ke haƙa rami a cikin fata suna ƙwai, shi ya sa allura ɗaya ba ta isa, sai an maimaita a kan lokaci. Ya ja min kunne kada wani ya sayo allurar shanu a kasuwa ya caka masa da kintace. Ya ƙara da cewa a ƙone buhunan da yake kwanciya a kai, kuma duk mai taɓa shi da hannu tsirara zai iya samun ƙaiƙayi. Na ce masa wannan ba matsala, a gidanmu babu mai taɓa shi. Da na tambaye shi ko zai tashi, ya ce mu dai yi addu'a.

Karen ya kwana biyu a wurinsa, kuma a waɗannan kwanakin mahaifiyata ta kira ni fiye da yadda ta kira ni a shekara. Za ta tambayi ko an yi ruwa a Batsari, ta tambayi yadda wake yake a kasuwa, sai za ta kashe ta ce, "Wancan fa?" Ranar da na ce mata ya tashi ya ci abinci har ya yi wa likita haushi, sai ta ce, "To. Ai dama awaki ne suka dame ni da kuka."

Na mayar da shi Wagini, muka ci gaba da allura yadda aka tsara. A hankali susar ta tsaya, ɓawon ya zube, gashi ya fara tsirowa. Ranar da na ji haushinsa tun daga bakin unguwa, sai da na tsayar da babur na yi hamdala. 

A wannan zuwan ne na lura mahaifiyata tana sosa wuyan hannunta, ga 'yan ƙuraje jajaye har zuwa gwiwar hannu. Na ce, "Inna, likita fa ya ce wannan ƙaiƙayin mai taɓa shi yake kamawa."

"Ƙaiƙayin kowar wake ne," in ji ta. "Mi zai haɗa ni da shi? Na ce maku ba nawa ba ne."

Kawu, wanda ya zo duba majinyacinsa kamar ba shi ya kusa aika shi lahira ba, ya fashe da dariya. "Malam, bar ta. Kai ma haka take cewa a kanka tun kana cikin zani. Ba nata ba ne, ɗan kakarshi ne. Amma da ƙyanda ta kama ka, wa ya ƙi cin abinci har ka tashi?"

Ta jefe shi da ɓawon wake, ta shige ɗaki. Washegari na kai ta asibiti aka ba ta man shafawa, ƙurajen suka baje. Har yau ba ta amsa laifin ba.

Tun daga nan, duk inda na ga an nufi dabba da baƙin mai ko kananzir ko maganin feshi, ba na iya yin shiru, ko da za a ce Malam ya cika shisshigi. Ƙazuwa tana da magani, kuma ba a ɗakin injin yake ba. Kawu ma ya daina, ko da yake yanzu yana ba da labarin ne a kan shi ya ba da shawarar a kira likita.

Karen ya yi shekaru bayan haka yana aikinsa, sai tsufa ne ya ɗauke shi. Abin da ya rage min shi ne ranar da na je gida na tsaya a zaure ina cire takalmi, na ji mahaifiyata tana ce wa maƙwabciya ta ba ta aron ƙwai, wai wancan na Batsari ya zo. Na daɗe a tsaye da takalmi ɗaya a hannu. Ashe mu biyu ne wancan a gidan nan.