Kwanon Rufin Madam Abeke

Madam Abeke Ogunwale shekararta hamsin da tara, malamar tattalin arziki ce a wata sakandaren gwamnati da ke Iseyin, kuma a watan Disamba za ta yi ritaya. Ranar da ta ajiye alli, ranar za a karɓi makullin gidan malamai da take ciki. Tana da nata gidan a bayan gari, ɗaki uku da falo, gini ya kai linta. Rufi kawai ya rage, ya kuma daɗe yana ragewa.

Duk wanda ya bi ta ajinta ya san darasin kwano. Takan ce kuɗin da aka ajiye a gida narkewa suke yi, shi ya sa duk lokacin da ta kwashi adashe sai ta sayi kwanon rufi ta jibge a bayan ɗakinta. Sau ɗaya a shekara takan kwaso ɗalibai su zo su gani.

"Ku taɓa," in ji ta. "Wannan ita ce buƙata. Ankon da iyayenku mata ke saya duk Asabar kuwa, sha'awa ce."

Yara suka riƙa kai maganar gida. Wata rana Iya Bose mai sayar da tattasai ta tare ta a kasuwa. "Madam, ki koya wa 'yata karatu, ki bar min ɗankwalina ya huta."

A watan Maris yayanta Lasun ya zo a kan babur, bai ko zauna ba.

"Abeke, shekara goma sha biyar Baba yana kwance ta gefe guda. Ke za ki iya?"

"Boda Lasun, Baba ya mutu. Babu gefen da ke masa ciwo."

"To, malamar boko. Gidan Adigun sun juya nasu bara, shanu biyu suka kayar, tsohon da ko keke bai bari ba. Mutane sun fara tambaya ko Ogunwale bai haifi kowa ba ne."

Juya mamaci dai ba a taɓa kabari. Sa ake yankawa, a kafa rumfa, a ci a yi rawa, kowa ya shaida tsoho ya bar 'ya'ya. Sayen san kuma a kan mai albashi yake faɗawa.

Madam ta ƙi. Ta yi wa yayan nata bayanin hauhawar farashi har ya fara hamma. Har ta kusa tsira, sai matar Lasun ta ce a gaban dangi, cikin tausayawa, "A ƙyale ta mana. Wataƙila albashin ne bai kai ba."

Washegari Madam ta kira mai shagon kwano ya zo ya saye wanda ta tara. Nan aka ga darasinta gaskiya ne: kwanon ya ninka kuɗinsa. Ganin ribar, sai ta ce sa ɗaya ya yi wa Baba kaɗan. Ta sayi biyu, ta ɗauko makaɗa daga Oyo, ta zaɓi anko shuɗi da ruwan zinari da hannunta.

Ranar biki mai kalangu ya bi ta yana kiran sunan ubanta da na kakanta, ita kuma tana manna masa sababbin kuɗi a goshi. Iyayen ɗalibanta sun cika rumfa, duk cikin ankon. Iya Bose ta ɗago daga kwanon amala.

"Madam, wannan buƙata ce ko sha'awa?"

"Ci abincinki, Iya Bose, miyar na hucewa."

An yi wata guda ana zancen bikin a gari. Gidan Adigun ma sun zo sun yaba. Bana ba a kai ɗalibai ganin kwano ba, kuma da wata yarinya ta tambaya, Madam ta ce babu shi a manhajar jarrabawa.

Asabar ɗin da ta wuce ta je wajen mutumin da ya ba su hayar rumfa, ta tambayi kuɗin tsohon tamfol da zai rufe ɗaki uku da falo. Ta yi ciniki mai kyau, don wannan ta iya. Ta dawo da na ɗaki ɗaya.