Ranar da Ya Share Rumbun Tsakiya

A ɗakin gwajin asibitin kowa Mai Ajiya yake ce masa, har matarsa idan tana son tsokanarsa. Da ƙuruciya gilasai yake jerawa a durowa, waɗanda ake shafa ɗan naman majiyyaci a kai don likita ya duba. Da aka kawo na'urar da ke mayar da gilashi hoto, sai aka zaunar da shi gaban kwamfuta a wani ɗaki mai sanyi marar taga, aka kwashe tsofaffin gilasan aka zubar.

Hotunan nan cin wuri ne da su kamar fara. Rumbu uku yake kula da su: kwamfutar na'urar, babban rumbun tsakiya da likitoci ke buɗewa daga ofisoshinsu, sai na intanet da ake kira gajimare. Shi kuwa mutum ne mai tsari har ya yi yawa, a sito ya koyi aiki, inda in ka kai kaya babban ɗaki sai ka share ƙarami. Ranar da rumbun tsakiya ya cika, na'ura ta tsaya, likitoci suka taso shi a gaba. Ya leƙa gajimare, ya ga hotunan shekarun baya suna nan lafiya, ya goge su daga tsakiya. Har yabo ya sha. Ba wanda ya gaya masa an ɗaure rumbunan biyu ne su riƙa kwaikwayon juna, abin da aka goge a nan, can ma zai bi shi bayan ɗan lokaci.

Watanni suka wuce, ciwon ƙanwarsa, wadda aka taɓa yi wa aiki a asibitin shekarun baya, ya dawo. Wata ƙwararriyar likita a nesa ta ce a turo mata hoton naman da aka cire a aikin farko. In ta gan shi za ta zaɓi magani, in babu sai an sake yanka, ga jikin duk ya ƙare.

Ya buɗe tsakiya, wayam. Ya buɗe gajimare, wayam. Ya durƙusa gaban kwamfutar na'urar yana bincike har gwiwoyinsa suka sage, alhali da hannunsa yake share ta duk mako. Abin tausayi, dattijo yana kuka fanka na hura masa ƙeya.

Da yamma ya sami ƙanwar tasa a ɗakin jinya, ƴarta na ba ta ruwa da cokali.

"Yaya, ka tura?" in ji ta. "Na ce wa yaran nan su kwantar da hankalinsu, abin yana hannunka."

Ya zauna a bakin gadon, ya gyara mata bargo, ya sake gyarawa. Bai kai ga buɗe baki ba ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta ce tunda ba a sami hoton ba, kada a ba majiyyaciyar komai daga yanzu, da safe za a shiga da ita tiyata.