Ranar da Oga Ya Faɗi

Yayata tana da gidan burodi a Gwarinpa, nan Abuja, amma idan kana nemanta kada ka ɓata man motarka zuwa can. Karmo za ka nufa. Can za ka same ta, gyale a kafaɗa, waya biyu a hannu, tana raba faɗa a bakin rijiyar burtsatse ko tana tura mai naƙuda cikin motarta. Da farko burodi kawai take kai wa matan unguwar su sayar. Kafin mu ankara ta zama uwar kowa: ita ce ta yashe kwata, ita ce ta sasanta mai gida da ɗan haya, ita ce ta nema wa marayu makaranta.

Ban ce abin ba shi da lada ba. Abin da ya hana ni sakat shi ne hawan jini. A gabana likita ya ce mata ta rage zirga-zirga ta riƙe magani, in ba haka ba wata rana a kwance za a kawo ta. Ta ce, "To, likita," kamar mutuniyar kirki. Muna fita ta ce in sauke ta a Karmo.

Na saya mata na'urar awon jini, ta ba wata tsohuwa aro. Maganinta kuwa yana ƙasan jaka, sai ta tuna. Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙararta wurin mijinta. Shi Alhaji bawan Allah ne mai sanyin hali, yana fama da nasa ciwon suga, iyakar faɗansa shi ne, "Hajiya, a dai riƙa hutawa." Wallahi na gaji da su duka biyun.

Wata Alhamis bayan azahar ina ofis, sai ga kira daga matar da ke kula da masu gasawa a gidan burodin, wata dattijuwa 'yar Filato da ta daɗe tare da Yaya. 

"Anti, ka zo yanzu yanzu. Oga ya faɗi. Sun kai shi asibiti, wannan da kuna zuwa."

Na ce innalillahi, sugan Alhaji ya kayar da shi. Na suri makulli na fita, ina kiran Yaya don in gaya mata halin da mijinta ke ciki. Wayar farko ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta biyun ma haka. Na san Alhamis ranar taronta ce da matan Karmo, nan take raina ya ɓaci.

Ga cunkoso ya riƙe ni a hanya, ga rana. Sai na shiga aika mata saƙon murya, ɗaya bayan ɗaya. Na ce mijinki yana kwance a asibiti ke kina can kina alƙalancin layin jarka. Na ce kowa ya san darajar gidansa ban da ke. Duk abin da na daɗe ina haɗiyewa ranar na amayar da shi. A na ƙarshe na ce, "Ki ci gaba, Yaya. Ranar da kika faɗi, mu gani ko cikin matan nan akwai wadda za ta ɗaga ki."

Ina shiga asibitin na ga baranda cike da mata, wasu na jan carbi, wasu na kiran sunan Yesu. A bakin ƙofa kuma ga Alhaji tsaye, lafiyarsa lau, riƙe da jakar Yaya da takalmanta.

Na zauna a ƙasa.

Shekara goma sha wani abu ina Abuja. Na san sarai a Hausar garin nan "shi" kowa ne, mace da namiji, har ni kaina yanzu aka ce min "ka zo" ban ji komai ba. Amma da tashin hankali ya zo, kunnena na Kano ne ya amsa waya. Yaya ce ta yanke jiki ta faɗi a tsakiyar taro. Babu mai iya tuƙi a wurin, sai aka saka ta a keke mai ƙafa uku. Likita ya ce ɓarin jikinta na hagu ya taɓu, amma an yi sa'a an kawo ta da wuri.

Da na rasa wanda zan huce a kansa, na juya kan dattijuwar nan da ta kira ni.

"Mama, don Allah me ya hana ki ce *ta* faɗi?"

Ta dube ni da jajayen idanu. "Anti, ai na gaya maka. Shi ne oga na. Alhaji ya taɓa gasa burodi?"



Sai washegari na tuna da saƙonnina. Na zaro waya da sauri in goge, na tarar duk an saurara. Ashe Alhaji, don kyautatawa, ya zauna yana kunna mata saƙonnin masu ya-jiki a kunne, bi da bi. Da ya zo kan nawa bai tsallake ba. Wai ya ga sunana ya ɗauka addu'a ce, da ya ji ba ita ba ce kuma ya rasa inda ake kashewa.

Na shiga ɗakin kamar wadda ta yi sata. Tana kwance, bakinta ya ɗan karkace, hannun hagu a ajiye kan bargo kamar ba nata ba. Na ja kujera na shiga ɓare mata magani ba tare da na kalle ta ba. Kunya ta ishe ni, ga haushi, ga tsoron da bai sake ni ba tun jiya.

Ta yi motsi da yatsa, na matsa. Harshenta ya yi nauyi, sai da ta maimaita kafin na gane.

"Su huɗu," ta ce. "Su huɗu suka ɗaga ni."

Na ce ta rufe min baki ta sha maganinta, hawaye na zuba a kan ƙwayoyin. Ta buɗe bakin, ta sha.