Mista Threlfall, Mai Leƙa Ƙofar Baya

Kowace safiya, kafin mai burodi ya gama jera kayansa, za ka ga Mista Alwyn Threlfall ya gangaro Titin Kasuwa riƙe da lema, ko da ruwa ko babu. Ya hau ofishinsa da ke saman shagon mai gyaran takalma, ya ɗora butar shayi, ya cire kwat ya rataye, sannan ya zauna a bayan tarin takardun da ya kusa rufe shi. Na san duk wannan ne don tagar ɗakina tana kallon tasa. Mutane suna cewa ni Mavis Holroyd na cika sa ido. Ni dai ba ni na gina titin nan da ƙunci haka ba.

Lauyan cinikin gidaje ne. Ba ya sa hular gashi irin ta manyan lauyoyi, ba ya ɗaga murya a kotu. In za ka sayi gida, shi ne zai tono maka ko mai sayarwar shi ne mai gidan da gaske, ina iyakarka take, ko akwai tsohon ramin kwal a ƙarƙashin kicin, ko hukuma na shirin ratsa titi ta lambunka. Sai ya gamsu yake yarda a yi musayar takardun ciniki da lauyan ɗaya ɓangaren. Kafin wannan musaya kowa na iya fasawa, babu wanda zai ce masa don me. Shi ya sa duk wanda ya zauna a gabansa sai ya ji jawabin nan: “Kada ku auna labule sai an yi musaya.” Rabin garin nan sun ji shi. Ban san mutum ɗaya da ya bi ba.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. An ce ofishin za a mai da shi wurin gyaran farce. Na jira in ga ko wani mai ilimi zai rubuta masa wani abu a jaridar cocinmu, shiru. To ga nawa, ku yi haƙuri da rubutun.

Abin alherinsa da yawa, amma ni labarin da aka fi zaginsa a kai zan bayar.

Ƙawata Beryl Sugden, tun da mijinta ya rasu gwiwoyinta suka ƙi ta. Matakalar gidanta kuwa a tsaye take kamar tsani. Da ƙyar ta samu wani ɗan gida marar bene kusa da ’yarta, ta sa nata a kasuwa. Wasu sabbin aure suka ce suna so, suka ɗauki Mista Threlfall ya tsaya musu. Kun san yadda abin yake a nan, sarƙa ce: sai yaran sun sayi na Beryl, sannan Beryl ta sayi marar benen, shi ma mai shi wani yake jira. Beryl ba ta jira komai ba. Ta auna labule, ta ba da kabad ɗinta na sama kyauta, ta yi sallama da mai kawo madara.

Wasu lauyoyin ba sa taɓa ganin gidan da suke ciniki a kai, a takarda suke gamawa. Shi namu sai ya taka da ƙafarsa, kuma ba ta gaba yake tsayawa ba. Ya zagaya baya. Gidajen layin Beryl a manne suke da juna, na tsakiya ba su da hanyar fitar da shara sai ta tsakar gidan maƙwabci. Haka ake yi tun kakanninmu, babu wanda ya taɓa tunanin rubutawa. Ashe sabon maƙwabcin, wani baƙo mai babur, ya garƙama wa ƙofar tsakar gidansa kwado. Beryl ba ta ma lura ba, don ta daɗe ba ta iya jan garwar shara, ’yan ƙullinta ta gaba ake fitar mata.

Mista Threlfall ya ce ba musaya sai an tabbatar da hanyar a rubuce.

A shagon mahauci ta tare shi, ina tsaye a bayanta a layi.

“Alwyn,” ta ce, “na san ka tun kana yawo da majina a hanci. Me na yi maka?”

“Ba komai, Misis Sugden.”

“Tun zamanin surukata muke bi ta ƙofar nan.”

“Na sani. Amma ba a rubuce take ba, kuma yanzu akwai kwado.”

“To a ba ni guduma mana. Sai an je jami’a kafin a cire kwado?”

“Yaran nan ne suka ɗauke ni aiki,” ya ce, murya ƙasa-ƙasa. “In na bar su suka saya a haka, ta cikin falo za su riƙa jan shara har su tsufa, kuma ranar da za su sayar babu mai so.”

“Ni kuma in riƙa hawa bene da gindi kamar jaririya, ko?”

Ya karɓi naman da ya zo saya ya fita, kunnuwansa ja wur.

Abin da Beryl ba ta gani ba, ni na gani. Doka ta ce in an shekara ashirin ana bin hanya a fili, ta zama haƙƙi, amma sai an samu masu rantsuwa cewa sun ga ana bi. Nemo su aikin lauyan Beryl ne, wani a birni da ba a samunsa sai a waya. Mista Threlfall bai jira shi ba. Ya bi tsofaffin layin ƙofa ƙofa, ya sha shayin da ko kare ba zai sha ba, har gidan kula da tsofaffi ya je. Daga ƙarshe ya hawo wurina, don a layin na yi zaman aure.

“Misis Holroyd, kin taɓa ganin ana bi ta ƙofar nan?”

Na ce, “Ɗan nan, na ga masu shara, na ga mai kwal, na ga ma wanda ba shara ta kawo shi ba, lokacin da mijin wance yake aiki a jirgin ruwa.”

Ya gyara tabarau. “Sharar kawai nake so.”

Rana ɗaya ke nan a rayuwata da aka nemi abin da na sani, aka kuma ce in taƙaita.

An samu rantsuwa, mai babur ya cire kwadonsa, hanya ta shiga takarda. Amma mai gida marar bene ya gaji da jira, ya sayar wa wani a makon da ya gabaci wannan. Beryl ba ta da inda za ta, ta fasa sayarwa. Yaran suka nemi wani gida. Aka sauko mata da gado falo, a nan take kwana har yau, labulen suna naɗe a leda ƙarƙashinsa. Tun ranar ba ta sake yi masa magana ba. A coci in ya shigo ta dama, ta juya hagu. Gari kuma ya ɗauka: Threlfall mai jan ƙafa, Threlfall da ya kashe wa tsohuwa ciniki.

Kai ne, Mista Threlfall, ka ji duk wannan ba ka taɓa kare kanka ba. Kai ne ka san kana da gaskiya, amma ban taɓa ganin ka ji daɗinta ba. Na sha ganinka in ka zo wucewa ta layin Beryl ka rage tafiya, ka dubi tagar benen da ba a ƙara kunna fitila a ciki ba, ka wuce. Mai taurin kai, mai tausayin da bai iya faɗa ba.

Kwanan nan Keeley, jikar Beryl, ta ga gidan da take so. Ta ce za ta ɗauki lauyan waya, ya fi sauri. Ina zaune Beryl ta buga sandarta a ƙasa.

“Wurin jakin can za ki je.”

“Kaka, ba ke kika ce ya cuce ki ba?”

“Ni ba tasa ba ce a lokacin, ba ni na ɗauke shi aiki ba. Ke tasa za ki zama. Kuma ki gaya masa ban huce ba.”

Keeley ta je, ta tarar ana ɗaure takardu a kwali. Ya ce ba zai iya karɓar sabon aiki ba, ba zai kai ƙarshensa ba. Amma ya zaunar da ita a kan kwali, ya gaya mata abin da za ta nema wurin duk wanda ta ɗauka: ya faɗa mata abin da ya gano da bakin da za ta gane, ya gaya mata abin da ba ta son ji, kada ya bari kowa ya kora ta zuwa musaya, ko da kakarta ce. Sai da ta miƙe ta isar da saƙon. Ta ce ya gyara tabarau, sannan ya ce, “Tana da gaskiya. Yaya gwiwar tata?”

Mun gode, Mista Threlfall. Mun makara da faɗin haka, gari guda, amma mun gode. Ku kuma yaran da kuka gaji aikin, ku tashi daga kujera wani lokaci, ku je ku ga gidan, ku yarda a ji haushinku saboda wanda ya amince muku.

Ranar Asabar za a yi masa shayin bankwana a zauren coci. Na tambayi Beryl ko za ta zo, ta ce ko a mafarki. Da na kai ƙofa sai na ji ta daga kan gado: “Mavis, zauren nan matakala nawa gare shi?”