Japicha, Wanda Ya Ga Fitar Jiragenmu

Zakara bai gama cara ba Zablon Mireri ya riga ya bar gida. Jaka a kafaɗa, sandar kyamara mai ƙafa uku a hannu, takalmin taya a ƙafa. Zai bi ta bayan coci, ya ratsa filin da mata ke shanya ƙananan kifin omena, ya hau dutsen da ya kutsa cikin tafki a ƙarshen garinmu Wakondo. Daga kan dutsen nan mutum yana ganin gabas yana ganin yamma ba sai ya ɗaga ƙafa ba. Ya kafa sandarsa, ya zauna, ya jira rana. Idan ta leƙo daga bayan duwatsun Gembe ya ɗauke ta, ya sauko ya buɗe ɗan shagonsa, ya wuni yana ɗaukar hoton fasfo da na amare. Da yamma, lokacin da kwale-kwale ke fita kamun dare, ya sake hawa. Haka na taso na same shi tun ina 'yar firamare a nan tsibirin Mfangano, ga shi yau ina da jikoki.

Japicha muke ce masa, wato mai hoto. Kuma a gaskiya ba da girmamawa aka raɗa masa sunan ba. A garin da kowa ke son a ɗauke shi sanye da kayan zuwa coci na Asabar, ga mutum yana ƙona fim a kan ruwa da gajimare. Masunta in suna dawowa da safe sai sun tsokane shi.

"Japicha, ranar nan fa jiya ma haka ta fito! Ko ba ka zo ba ne?"

"Na zo," in ji shi. "Ta jiya daban, ta yau daban. Kai dai da ba ka kamo komai ba, kullum iri ɗaya kake."

Har Fasto ya taɓa kiransa a kan hawa dutse ranar Asabar, ranar hutu da ibadarmu. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Fasto, duk ranar da ita ranar ta huta, a aiko a gaya mini, ni ma sai in huta." Fasto ya yi dariya, maganar ta mutu a nan.

Wanda ya shiga shagonsa ya ɗaga kai zai ga shekarunmu manne a bango. Ga fitowar rana ta watan Afrilu, ja wur a ƙarƙashin hadari. Ga ta Yuli, lokacin sanyi, ruwan ya yi fari-fari kamar toka. Ga ƙudajen tafki sun taso daga tsakiyar ruwa sun yi gayya. Ga shekarar da kainuwa ta rufe bakin gaɓa har jirgi ya kasa fita. Da ruwa ya ƙaru ya cinye tsohuwar kasuwa, malamin makarantarmu, Okombo, wurinsa ya je ya aro hotuna, ya nuna wa yara inda ɓauren kasuwa yake a da, don yaran sun ɗauka labari ne kawai. Okombo yana nan da rai, shi ya ba ni wannan labarin da bakinsa.

Amma ni ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne don ƙanena Odundo, da kuma mahaifiyarmu.

A shekarar babban ruwan sama, Odundo ya sare bishiyar mangwaron da marigayi mahaifinmu ya dasa, don ya gyara kwale-kwalensa da katakonta. Bai yi shawara da Mama ba. Da ta dawo daga gona ta tarar da kututture, sai ta yi masa faɗan da ba ta taɓa yi wa ɗayanmu ba. Ƙarshen abin da ta faɗa shi ne, "Tafi, kada ka ƙara taka mini ƙofa." Ya tashi ya bar tuwon da ta ɗora masa, bai taɓa ba. Da yammacin ranar suka fita kamun kifi su huɗu, guguwar da muke kira nyakoi ta same su a tsakiyar ruwa. A cikin kwanakin da suka biyo baya tafki ya dawo da uku. Odundo bai dawo da shi ba.

Aka aiko mini gidan mijina, na zo na tarar dangi sun yi zaman jira a bakin gaɓa kamar yadda ake yi. Mama ba ta cikinsu. Tana zaune a ƙofar ɗakinta a kan tudu, ta juya wa ruwa baya.

"Me kuke jira a can?" ta ce da ni. "Odundo bai shiga jirgin nan ba. Fushi ya yi, ya haye wajen Uganda. In ya huce zai dawo."

Babu wanda ya iya rantse mata cewa ya gan shi ya shiga, don da yammacin kowa hankalinsa na kan nasa jirgin. Da aka gaji da jira, dattawa suka ce a binne ɗan bishiyar da muke kira yago a madadinsa, yadda ake yi wa wanda ruwa ya riƙe. To amma ba a haƙa kabari a gidan uwa in uwa ta ce ɗanta yana da rai. Matarsa Ajwang ga ciki ya tsufa, ita ba mai takaba ba, ita ba mai miji ba. Mama kuwa ta daina cin abinci, wai sai ya zo su ci tare. Ina kallonta tana ƙarewa a gabana. Na san abin da ke cinta, kowa ma ya sani. In ta yarda ya mutu, to ta yarda bakinta ne ya raka shi.

Baffanmu Orwa ne ya ce mu je wurin Japicha. Muka same shi a shago yana goge kyamara.

"Zablon, ka taimake mu," in ji Baffa. "Ɗauko kowane hoto da ke da kwale-kwale a ciki, ka ce mata na Odundo ne. Daga nesa ai duk jirgi jirgi ne. Tsohuwa ce, idonta ba zai rabe ba."

Japicha ya ajiye tsumman da ke hannunsa. "Orwa, tare muka yi kiwon awaki da kai, amma wannan ba zan yi maka ba. Uwa za a nuna wa ɗan wata a ce nata ne?"

"To sai mu zuba ido ta mutu?"

"Ban ce haka ba. Da yammacin nan ina kan dutse, na ɗauki fitar jirage. Fim ɗin yana cikin kyamarar nan, ba a wanke ba." Ya juyo wajena. "Akumu, 'yata, ki ji da kyau. Ban san abin da ke ciki ba. Mai yiwuwa babu shi. In kuma akwai shi, ban san ko zai warkar da ita ko zai ƙarasa ta ba. Kin yarda?"

Na ce na yarda.

Duk Wakondo an san Japicha da tsoron ruwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon tafki bai iya iyo ba, kuma fim ɗinsa 'yan kasuwa yake ba wa su kai masa birnin Kisumu a wanke. Wannan karon ya ce ba zai ba kowa ba. Ya naɗe shi a leda, ya ɗaure a ƙirji, ya shiga jirgin da ke hayewa Mbita, hanyar Kisumu, a tsakiyar lokacin guguwa. Waɗanda suka haye tare da shi sun ce idonsa a rufe yake har suka sauka, bakinsa yana ta motsi.

Ranar da ya dawo bai biya gidansa ba, kai tsaye ya hau tudunmu da ambulan a hannu. Ya gaida Mama, ya durƙusa a gefenta, ya zaro hoto ɗaya da aka ƙara wa girma. Rana ce tana faɗuwa, ruwa ya yi jawur, can gefe hadari ya fara haɗuwa. Ga jirage sun miƙa, kowanne da babban ƙyallen da iska ke turawa. A ƙyallen na kusa akwai faci shuɗi.

Mama ta daɗe tana kallo. "Zanena ne wannan," ta ce a hankali. "Ni na ɗinka masa."

A bayan jirgin akwai mutum a tsaye. Ba a ganin fuska, baƙin inuwa ne kawai, amma ya ɗora ƙafa ɗaya a bakin jirgi yadda Odundo ke yi tun yana yaro. Sauran ukun suna fuskantar tsakiyar tafki. Shi kaɗai ya juyo wajen gari, hannunsa na dama a sama.

Baffa ya yi caraf ya ce, "Kin gani? Ke yake ɗaga wa hannu! Zablon, gaya mata, ai kana wurin."

Na dubi Japicha ina roƙonsa da ido. Kalma ɗaya muke nema a wurinsa.

"Maman Akumu," ya ce, "ba zan faɗi abin da ban sani ba. Na ga ya juyo, na ga hannu a sama. Wataƙila ke yake wa. Wataƙila igiyar ƙyalle yake ja. Daga kan dutse ba a gane wannan."

A lokacin ji na yi kamar in shaƙe shi. Mama kuwa ta ɗago kai ta dube shi, karo na farko da na ga idonta ya tsaya a kan mutum tun zuwana.

"Kai ba ka sani ba," ta ce. "Kai hoto ka ɗauka. Ni na haife shi. Yaron nan bai taɓa kwana da fushina ba, ko ranar da na fasa masa baki da muciya."

Ta rungume hoton ta saki kukan da ta riƙe tun ranar farko, Ajwang ta faɗo jikinta, mu duka muka ɗauka. Da ta natsu ta ce da Baffa, "Ku je ku tsinko yagon." Daga baya na gane da Japicha ya bi bakin Baffa, da Mama ta ce haɗa baki muka yi, don ta fi mu wayo. Hoton nan aka riƙe a gaban akwati ranar jana'iza, tun da Odundo ba shi da wani sai na katin shaida, shi kuwa yana aljihunsa. Mama ta ci abinci da yammacin ranar. Ta rayu ta yi goyon 'yar Ajwang, ta ga aurenta, sai bara ta cika a kan gadonta.

Kai ne wannan, Japicha. Kai ne ka shiga ruwan da kake tsoro saboda tsohuwar da ba danginka ba. Kai ne ka hana mu ƙaryar da muka zo nema da hawaye. Bayan mu, gidaje nawa suka hau wurinka a irin wannan rana? Wasu ka samo musu, wasu ka ce musu babu, kuma ba ka taɓa ba wa wani ɗan da ba nasa ba. Tun daga shekarar nan zazzaɓi bai hana ka hawa dutse da yamma ba, biki bai hana ka ba. Masunta sun daina tsokana. Yanzu in za su fita sai sun waiwayo sun ga kana nan.

A watan jiya yanar ido ta rufe masa gani, gwiwa ma ta ƙi hawa. 'Ya'yansa suka ce ya isa haka, ya yarda ba don yana so ba. Na je gaishe shi, na tarar yana zaune a ƙofar gida ya fuskanci inda yake jin ɗumin rana. Muka taɓa hira, sannan na yi masa tambayar da ta daɗe a raina.

"Baba, yanzu Mama ba ta nan. Tsakaninka da Allah, hannu yake ɗagawa ko igiya yake ja?"

Ya ce, "Abin ya hana ni sukuni, Akumu. Bayan jana'iza na kai hoton wurin masassaƙin da ya gyara musu jirgin. Ya ce igiyar tana ɗaya gefen, a wurin da Odundo yake tsaye babu abin ja."

"Shi ne ba ka gaya mata ba?"

"Na hau tudunku don in gaya mata. Na same ta tana jan kunnen Ajwang a kan gishirin miya, tana dariya. Sai na ga me zan ƙara mata? Ta riga ni sani."

Na riƙe hannunsa ina kuka.

Mun gode, Japicha. Na gode a madadin Mama, da Ajwang, da yarinyar da ba ta san mahaifinta ba sai a wannan inuwa. Allah ya sa aikin idon da za a yi maka ya zo a sa'a, ka ƙara ganin ranar da ka yi wa hidima.

Ku kuma samarin Wakondo da 'yan matanta, kowannenku yana da kyamara a aljihu wadda ta fi ta tsohon nan kyau, fuskokinku kawai kuke ɗauka da ita. Ba sai an naɗa mutum ba, ba sai an roƙe shi ba. Wani a cikinku ya hau dutsen nan ya tsaya, ya iya jira, ya kuma iya cewa "ban sani ba" in bai sani ba. Yau ma da yamma jirage za su fita, kuma kowane mutum a cikinsu ɗan wata ne.