Dariyar da ke Bayan Katanga

Shekara ashirin da ɗoriya yayana yana aikin fim, amma har Inna ta koma ga Allah ba ta yarda ba. Hujjarta kuwa mai ƙarfi ce: ba ta taɓa ganin fuskarsa a ciki ba. Ni ma da na yi lakwal, wato karatun boko, har na zama malama a Mayahi, in aka tambaye ni aikinsa sai in yi ta kame-kame. Ba ya cikin masu wasa, ba shi ke riƙe kamara ba. Sauti yake ɗauka. Sunansa can ƙarshe yake fitowa cikin ƙananan rubutu, lokacin da kowa ya miƙe yana neman takalminsa.

In ya zo ƙauyenmu kusa da Urafan, da kayan aikinsa yake zuwa: wata doguwar sanda mai gashi a kai kamar jelar tunkiya, da abin ji da ke rufe masa kunnuwa. Sai ya bi gida yana farautar ƙara. Ya ɗauki kukan ƙyauren ɗakin Inna, wanda ya yi shekaru yana roƙon a ɗiga masa mai. Ya ɗauki faɗawar guga a rijiya, da luguden mata, da jakin maƙwabcinmu wanda ba ya tashi kuka sai an tayar da salla. Mu kuwa sai ya ɗaga mana hannu mu yi tsit, sai ka ce mu ne baƙin.

"Kai dai Allah shi shirye ka," in ji Inna. "Mutane na tahiya birni su kawo atamfa, kai ka zo ka kwashe muna kukan jaki."

Da finafinan barkwanci ya fara. A ɗaya daga ciki wani marowaci ya faɗa kwata, sai ga jakin nan namu ya ɓarke da kuka, na gane shi tun bai kai ƙarshe ba. Wannan ban damu ba, na yi dariyata. Daga baya ya koma finafinan kisa da bincike. Wata ranar Lahadi muna kallon ɗaya da malamai ƴan'uwana, mai kisan ya tura ƙofa a hankali, kowa ya riƙe numfashi. Ƙofar ta yi kuka, kukan ƙyauren Inna sak. Su suna ta salati, ni kuwa saura kaɗan in ce, "Inna, ina wuni?" Na rasa ko tsoro zan ji ko kewar gida.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne irin fim ɗin nan na gaskiya da ba wasa a cikinsa, wanda suke kira dokimanter. An nuna matan wani gari can arewa suna jan ruwa, amma gugar da ke faɗawa tamu ce. Na kira shi a salula na ce masa wannan ai ƙarya ce. Ya ce iska ce ta ɓata musu sautin ranar, kuma rijiya rijiya ce. Na ce to ina gaskiyar take? Ya ce matan na gaskiya ne, ƙishirwarsu ma ta gaskiya ce. Na kashe wayar ban san wanda ya ci gardamar ba.

Bayan rasuwar Inna da kamar shekara, wata safiya ina dama koko, na nemi muryarta a kaina na rasa. Maganganunta duk suna nan, ina iya jero su. Amma in na jero su da muryata nake jin su, tata ta tafi. Hankalina ya tashi ƙwarai. Hotunanta muna da su, amma hoto ba ya kiran sunanka. Sai na tuna ai ina da wa wanda ya ɗauki muryar jakin maƙwabci, balle ta uwarsa.

Na kira shi a waya na tambaye shi ko yana da muryarta. Ya ce faifan da ya tara sautin gida a ciki ya mutu tun bara waccan, ba abin da ya fita. Kuma Inna ba ta taɓa yarda ta yi magana gaban sandar ba, da ta hango ta sai ta ja mayafi ta rufe baki.

"Amma sau guda na kama dariyarta ba ta sani ba," ya ce. "Na sa ta cikin wani fim, wurin da mata ke dariya bayan katanga."

"Wane fim?"

"Wallahi ƙanwata, na mance. Aikin da yawa."

Ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba. Na gaya masa maganganun da ƙanwa ba ta gaya wa wanta, shi kuma bai rama ba.

Da aka yi hutun lakwal na shiga mota zuwa Tasawa, wurin wani mai tura finafinai a kasuwa. Na ce ya zuba mini duk wanda ke da sunan yayana a ƙarshe. Mutumin ya dube ni, ya ce tunda yake ba a taɓa zuwa neman fim da sunan mai sauti ba. Sai da ya yi kwana biyu yana tono, ya cika mini katin waya da su.

Haka na cinye hutun nan. In na gama abincin rana sai in zauna gindin itacen bedi, in toshe kunnuwa da abin ji, in rufe ido. Ban kalli aikin yayana ba, saurarensa na yi. Cikin na barkwanci dariya ta yi yawa, kowace mace sai in ce ita ce, in na maimaita sai ta zama wata. Finafinan suka cakuɗe mini. Sai in ji tattabarun gidanmu a ofishin ɗan sanda, in ji turminmu a garin da ban taɓa zuwa ba. Gidanmu gaba ɗaya yana warwatse cikin labaran mutane, ni kuma ina bi ina tsinta. Maigidana ya fara tambayata ko lafiya.

A wani dokimanter kan ajiyar wake na same ta. An nuna katangar wani gida da rana tsaka, ba kowa, sai mata na dariya daga ciki. Ɗaya ta ɗara sauran, ta hau sama, ta karye a ƙarshe kamar mai shirin tari. Na maimaita wurin. Ban yi shakka ko kaɗan ba. Na yi kuka har na gode Allah, na kira ƴata na sa mata a kunne na ce ga kakarki. Wata biyu kullum sai na saurara kafin in fita aiki.

Da babbar salla Yaya ya zo. Na sa masa abin jin a kunne, na kunna masa dariyar. Ya saurara sau uku, idonsa a rufe. Sannan ya cire ya riƙe a hannu.

"Wagga ba Inna ba ce," ya ce a hankali. "Ke ce. Ranar da kuke ɓarar gujiya akuya ta shige maki cikin zane. Inna na ɗaki tana salla."

"Mi kake hwaɗi haka? Ka tabbata?"

"Aikina ne, ƙanwata."

Na karɓa na sake saurara. Inna dai nake ji. Na sake, ita ce. Ban san ko in yarda da kunnensa ko da nawa ba, kuma har yau ban sani ba. In shi ke da gaskiya, tata tana nan cikin wani fim da ban gano ba, ko na wuce ta sau goma ban gane ta ba.

Tun daga ranar, duk sanda dariya ta zo mini sai in kasa kunne in ji ko ita ce. Da na kasa kunnen kuma sai dariyar ta yanke.