Sirdin Keken Kaka

Keken kakana ya girmi babanmu. Baƙi ne, dogo, an naɗe kansa da jar roba a inda tafin hannu ya cinye fenti. Kowace shekara, idan an gama yankan shinkafa ruwa ya ja baya, Kaka yakan ɗaure ɗan buhun sabuwar shinkafa a kariya, ya tashi daga Gashua zuwa Nguru wurin ƙanwarsa. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Ba ya bin kwalta. Kwana uku yake yi a kan tafiyar da mota ke gamawa tsakanin hantsi da azahar.

Ban taɓa bin hanyar ba, amma na haddace ta, domin ni ke riƙe masa famfo idan yana faci, shi kuwa yana zana mini ita a ƙasa da tsinke. Daga fadamun Katuzu sai ya bi gaɓar kogi, inda laka ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. Akwai mashigin da ake ɗora keken a kwalekwale. Akwai tuddan yashi kafin Jajimaji, inda yake rage iskar taya don kada ta nutse, in ya gagara ya sauka ya tura. A nan yake kwana na biyu, gidan wani abokinsa mai sayar da igiya. Daga nan sai goruba, sai kacala, doguwar ciyawar nan ta fadama, sai Nguru.

Ni ba mai magana ba ce. A makaranta ina iya wuni ban ce uffan ba. Kaka kaɗai nake sakin baki da shi, shi ma don ba ya jiran amsa. Amarya yake kirana.

"Amarya, yau ma ba abinci? Zan sake ki fa."

"Sake ni mana. Wa zai kwashi tsoho mara haƙori?"

Sai ya yi ta dariya har ya yi tari.

Shekarar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare, aka aiko daga Nguru cewa ƙanwar Kaka tana kwance, kuma tana ta tambaya ko an yanke shinkafa. Ran nan Kaka ya fito da keken tsakar gida, ya wanke shi, ya ɗiga wa sarƙa mai. Ya ce jibi zai kama hanya.

Da la'asar baffana, wan babanmu, ya kira ni zaure. Ɗan kasuwa ne, yana da mota biyu. Babanmu na zaune gefensa yana danna waya.

"Kin san bara ya faɗi a hanya?" in ji Baffa. "Kuma kin san abin da ake faɗa a kasuwa? Wai muna hawa mota, ubanmu na tura keke a yashi kamar mai tallan kananzir."

Na sunkuyar da kai.

"Mu ba mu isa mu hana shi ba. Ɗa ba ya ce wa ubansa zauna. Amma ke matarsa ce." Ya yi murmushi. "Jika ko hular kakansa ya ɗauke, wasa ne."

Ya riga ya sassauta notin sirdin da sifana. Nawa kawai in cire, in ɓoye, in an tambaye ni in ce kishi nake yi. Ya ce ranar Asabar zai kai Kaka Nguru da kansa, cikin mutunci. Na dubi babanmu. Bai ɗago ba. Ya dai ce, "Ki yi abin da baffanki ya ce."

Sirdin fata ne, ya yi santsi, tsakiyarsa ta lotsa daidai zaman mutum ɗaya. Na tura shi ƙasan akwatina, na rufe da tsohon hijabin makaranta.

Da safe Kaka ya tsaya kan keken ya daɗe yana kallon ƙarfen da ya rage tsirara. Ni ina bakin rijiya. Matan gida sun daina abin da suke yi, suna jira.

"Wane ɓarawon ne bai ga taya ba sai mazauni?"

Na faɗi abin da aka koya mini. "Ni ce. Ba za ka tafi wurin wata ka bar ni ba."

Gida ya ɗauki dariya. Kaka ma ya yi. Ya shiga ɗaki ya fito da goruba uku da alewa, ya miƙo mini, kamar yadda yake fansar hularsa ko carbinsa duk lokacin da muka ɓoye.

"Ga toshi, amarya. Kawo."

Da ma nan wasan yake ƙarewa, a karɓi fansa a mayar da kaya. Na karɓi gorubar, ban motsa ba. Ya dube ni, sannan ya dubi ƙofar zaure inda takalman Baffa suke a jere. Na ga lokacin da ya gane. Bai daina murmushi ba, sai dai murmushin ya tsaya wuri ɗaya.

Ya tafi wurin mai gyaran keke na bakin kasuwa, ya dawo hannu biyu. Daga baya na ji Baffa ya riga shi zuwa.

Washegari, ranar da ya sa zai tafi, sai ga shi ya naɗe kan ƙarfen da tsummoki da tsohon rawani, ya ɗaure da roba. Ya ɗora shinkafar, ya rataya gorar ruwa, ya tura keken waje. Baffa ya fito ƙofar zaure. 'Ya'yansa mata biyu da ƙannena ya kalla, ya ɗaga musu gira.

Suka bi Kaka a guje. "Kaka ba ya tafiya, Kaka ba ya tafiya." Suna waƙa suna tafi. Ya hau, ya taka feda sau uku a tsaye, suka riƙe kariyar ta baya. Keken ya karkace. Ya faɗi a gefensa cikin yashin ƙofar gida, hularsa ta gangara har bakin kwata, buhun ya kwance, shinkafa ta zube.

Mutanen da ke zaune a gindin dalbejiya suka yi dariya. Wani ya ce, "Malam, matanka sun fi ƙarfinka." Ba wanda ya tsawata, ai jikoki ne. Kaka ya zauna a ƙasa yana dariya tare da su, domin tsohon da ya yi fushi da jika shi ake yi wa dariya ta biyu. Ina leƙe ta bayan ƙyaure. Na ga gwiwar wandonsa ta jiƙe da jini kaɗan, na ga yana tattara shinkafar, yana hure yashin daga tafinsa.

Baffa ya zo ya ɗaga shi, yana kakkaɓe masa riga a gaban mutane. "Ka gani ko, Baba? Asabar in sha Allahu. Kada kuma ka je tasha, a ce mun bar ka kana neman kujera."

Asabar ta zo, aka tafi ɗaurin aure da motar. Aka ce Talata. Talata aka ce ana loda barkono. Kullum bayan sallar asuba Kaka yakan sa farar rigarsa ya zauna a zaure, buhun na gefensa, har rana ta take. Kullum nakan wuce shi zuwa makaranta. Sirdin na cikin akwatina, kuma na san inda Baffa ke ajiye sifana. Na lissafa a raina, ko ranar Lahadi na mayar masa, da Talata yana Nguru. Ban mayar ba. Ina jin tsoron Baffa, ina kuma jin kunyar Kaka, sai na bar kwanakin suna wucewa.

Ranar Alhamis da hantsi waya ta zo. Kafin a gama salati an fito da mota, an zuba mai. Aka sa Kaka a gaba, mu muna baya. Ya ƙi yarda a sa buhun a but, a cinyarsa ya riƙe shi. Wajen Jajimaji na hango tuddan yashin daga nesa, ƙanana, ba kamar yadda na zata ba. Kaka bai juya ya dube su ba. Mun tarar an riga an kai ƙanwar tasa makwancinta. Shinkafar da ita aka yi abincin masu zaman makoki, kuma na ji wata mata tana cewa akwai tsakuwa a ciki.

Bayan mun dawo da kwana biyu na ciro sirdin, na goge shi da gefen zanena, na kai masa ɗaki. Yana zaune a kan buzu. Na durƙusa na ajiye a gabansa.

"Angona," na ce. "Ga kayanka."

Ya dubi sirdin, ya sa yatsa a inda ya lotsa. Sannan ya turo mini shi da bayan hannu, a hankali.

"Yarinya, kai wa wanda ya aike ki."

Daga ranar bai sake ce mini amarya ba. Idan na gaishe shi yana amsawa, har ya tambayi karatu, yadda yake tambayar 'ya'yan maƙwabta. Keken na jingine a bayan rumbu, rawanin na naɗe a ƙarfen har yanzu, kaji na kwana a kan kariyar. Ban kai wa Baffa sirdin ba. Na mayar da shi akwatina, shi ya sa duk hijabaina suke warin tsohuwar fata.